Wane suna za mu ba maɓallin "gain" na amfilifayar mota?

Jama'a, ina roƙon mu tsayar da kalma guda ta Hausa ga ɗan maɓallin nan da ake rubuta "gain" a kansa a jikin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sautin rediyo ƙarfi kafin ya isa sifiku, domin sunan da muke kiransa da shi yanzu yana jawo asara. Yawancinmu "ƙarin sauti" muke cewa, kuma duk wanda ya ji wannan suna, da zarar an ɗaura masa wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, a bayan mota, sai ya murɗa maɓallin har ƙarshe.

Alhali aikinsa daban ne. Rediyon mota yana aika wa amfilifaya saƙo mai rauni, a wasu motoci volt 2, a wasu volt 4, shi kuma maɓallin yana daidaita yadda amfilifaya za ta karɓi saƙon ne, ta yadda ba za a tilasta mata fitar da abin da ya fi ƙarfinta ba. Idan aka zarce, sautin yakan tsage, siririyar wayar da aka naɗe a cikin wufar ta ɗauki zafi har ta ƙone. Ni kaina na taɓa jin ƙaurin wannan ƙuna yana tasowa daga bayan kujera, kuma har yau ina ganin sunan ne ya yaudare ni.

An kawo shawarar "riba", amma wannan ma'anar ƙamus ce wadda ba ta da alaƙa da aikin. "Ƙarfi" kuwa zai sake jefa mu cikin ramin da muke gudu. Na fi jinjina wa wanda ya ce "ma'auni", sai dai ma'auni faɗa maka yawan abu yake yi, ba ya gyara shi.

Abin da na tsaya a kai shi ne "madaidaici", kuma na gwada shi a cikin jimla ya zauna: a rage madaidaici zuwa ƙasa, a kashe duk wani ƙarin rugugi, a kai maɓallin sautin rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, sannan a riƙa ɗaga madaidaici sannu a hankali har sautin ya fara tsagewa, sai a dawo da shi baya kaɗan a bar shi nan. Wanda aka gaya wa haka ba zai yi tunanin ƙure shi ba.

"Rugugi" da na ambata ita ce kalmata ga sauti mai kauri da wufa ke fitarwa. Maɓallin da ke raba sauti kuma, wanda aka saba ajiye shi wajen hertz 80 (hertz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) domin abin da ke ƙasa ya tafi wufa, na sama ya tafi sifikun ƙofa, ina ganin "mararraba" ta dace da shi, amma ina son jin ta bakin masu haɗa waɗannan kaya kafin mu tabbatar.