Muhawara: Da buhu kaɗai ake auna noma mai ɗorewa?

Ɗan Kura: Assalamu alaikum jama'a. Ni maganata ɗaya ce: noman da ya ƙara wa manomi buhu, shi ne mai ɗorewa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya shigo Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani da damina muna gona. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa. Yaran da a da suke tafiya ci-rani yanzu a gida suke samun na kansu. Wane ma'auni kuma ake nema?

Masunci daga Nguru: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ruwan da aka tare muku, da wurinmu yake zuwa. A zamanin iyayenmu ambaliya takan zo a lokacinta, ta janye a lokacinta. A yi shinkafar fadama, a kama kifi, in ƙasa ta tsane a shuka wake, sannan shanun Fulani su sauko kiwo. Bayan Tiga, da madatsar Challawa a 1992, sai ruwa ya koma tsiyaya kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kachalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, tsuntsayen jan-baki su kwana a cikinta su wayi gari a kan shinkafarmu. Buhunka an ƙirga shi, Alhaji. Kifinmu wa ya ƙirga?

Malamar gona: An taɓa ƙirgawa, Baba. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun lissafa abin da fadamar Haɗeja-Nguru ke bayarwa ta fuskar noma da kifi da itacen girki, suka kwatanta da aikin ban-ruwa na Kogin Kano, wato wanda Tiga ke shayarwa. Da aka auna da yawan ruwan da kowanne yake ci, fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba. Kuma ko kiwo ba su sa a lissafin ba, balle ruwan da ke sauka cikin ƙasa ya raya rijiyoyi. Abin da ke damuna ke nan da awon buhu a kadada: iyakarsa bakin gona, alhali kogi bai tsaya a nan ba.

Ɗan Kura: Malama, binciken nan ya haura shekara 30. Lokacin ina injinan casar shinkafa da suka cika Kura yanzu? Sannan Kano da miliyoyin mutanenta daga kogunan nan take shan ruwa. Shi ma a sa shi a sikeli mana.

Malamar gona: Wannan gaskiya ne, a sa shi. A sake lissafin da farashin yau, amma kogin gaba ɗaya, daga Tiga har Gashuwa.

Mai turara shinkafa: Ku bar ni in sa baki. Yaya, ni 'yar gida ce, da shinkafar nan nake ciyar da 'ya'yana, ba na son abin da zai taɓa ta. Amma buhun da kake faɗa, a hannun wa yake ƙarewa? Mai ƙaramar gona ya ci bashin taki da magani da hayar tarakta, ranar girbi mai kuɗi ya kwashe. Wasu sun jinginar da gonakinsu, sun koma ƙwadago a cikinsu. Ka tuna 2016, da tsutsar nan ta share tumatir, waɗanda suka zuba komai a amfani ɗaya yaya suka ƙare? Ga wasu gonaki ruwa ya kwanta, ƙasa ta fara fitar da gishiri. A riƙa tambayar mutum nawa ne har yanzu gonar ubansu ke hannunsu.

Ɗan Kura: To ai shi ke nan, kun taru a kaina. Amma dai ba wanda zai ce a rushe Tiga.

Masunci daga Nguru: Ba mu ce a rushe ba, Alhaji. A riƙa sakin ruwa da damina yadda fadama za ta cika, a rage shi da rani kachalla ta bushe mu samu sare ta. Kuma kafin a sake tayar da maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, a zo a zauna da mu. Kogin Jama'are ne kaɗai ya rage mana da ba a tare ba.