Me ya sa wurin zamiyar ƙanƙara zai fice daga tikitin haɗin gwiwa, alhali tikitin ne ke kawo masa jama'a?

Hajiya Asabe, Ngawundere

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar yawon buɗe ido, ko suka taɓa zama a Amurka. Na ji labarin wani wurin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara mai suna Arapahoe Basin, a jihar Kolorado, wanda a shekarar 2019 ya fice daga tsarin Epic Pass, wato tikitin da mutum zai saya sau ɗaya ya shiga wurare da dama har kakar wasa ta ƙare. Dalilin da aka bayar shi ne wai jama'a sun yi musu yawa. Ni dai wannan dalili bai kwanta mini ba, domin tun tasowata ban taɓa jin ɗan kasuwa yana kukan masu saye sun yi masa yawa ba. Addu'arsa kullum ita ce Allah ya kawo kasuwa. Shin da gaske cunkoson ne ya kore su, ko kuwa a kan rabon kuɗi suka saɓa sai suka fake da guzuma don su harbi karsana?

Ba tambayar neman labari kawai nake yi ba. Ina da ƙaramin masauki da wurin cin abinci kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma wasu abokan sana'a sun kawo shawarar mu haɗa kati ɗaya, baƙo ya biya a farkon shekara, sannan ya sauka a duk masaukin da ya ga dama cikin namu. Kafin in sa hannu ina so in fahimci abin da ya sa wasu suka shiga irin wannan tafiya suka kuma janye.

Malam Sani, Garwa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Cunkoson gaskiya ne, kuɗin ma gaskiya ne, kuma idan aka duba da kyau za a ga cewa magana ɗaya ce.

Sai an fara da yadda tikitin ya samo asali. Kamfanin Vail Resorts ne ya fito da Epic Pass a shekarar 2008, a kan dalar Amurka 579, a lokacin da tikitin kaka na dutsen Vail kaɗai ya ninka wannan farashi sau uku. Dabarar kamfanin ita ce ya karɓi kuɗin mutane tun bazara da damina, kafin ƙanƙara ta sauka, ta yadda ko shekarar ta zo da ƙanƙara mai yawa ko ta zo da kaɗan, kuɗin ya riga ya shiga aljihu. A gefe guda kuma ya yi ta ɗaga farashin tikitin yini ɗaya har ya haura dala 200 a manyan wurarensa, don duk mai niyyar zuwa fiye da 'yan kwanaki ya ga cewa sayen na kaka ya fi masa sauƙi. Wanda kuwa ya riga ya biya na kaka, duk ranar da ya je ba ya ƙara ko sisi a bakin ƙofa, saboda haka babu abin da zai hana shi zuwa kowace Asabar.

To, Arapahoe Basin ba mallakar Vail ba ne a wancan lokaci. A 1997 Vail ya sayi wasu wurare uku da ke hannun kamfani ɗaya, wato Keystone da Breckenridge da shi Arapahoe Basin, sai hukumomin Amurka masu hana babakere a kasuwa suka tilasta masa sayar da ɗaya, aka sayar da Arapahoe Basin ga wani kamfanin Kanada. Duk da haka suka ci gaba da haɗa tikiti fiye da shekara 20. A irin wannan yarjejeniya, mai tikiti ne ke yanke farashi, shi ne ke yanke adadin da za a sayar, shi kuwa abokin tafiya yawanci ana biyansa gwargwadon yawan masu zuwa, a kan kuɗin da bai kai na wanda ya saya a taga ba. Babban kamfani yana da otal-otal da shaguna da makarantun koyon zamiya inda yake mayar da abin da ya rage a tikiti. Arapahoe Basin ba shi da otal ko ɗaya a gindin dutsen. Kowane ƙarin mutum yana cin gurbin mota, yana cin kujera a ɗakin abinci, yana shiga layin banɗaki, amma abin da yake bari a wurin bai taka kara ya karya ba.

Da shugaban gudanarwar wurin, Alan Henceroth, ya sanar da ficewar a watan Fabrairun 2019, abin da ya bayyana shi ne cewa dutsen kansa yana da sauran fili ga masu zamiya, amma wurin ajiye motoci da gine-ginen hidima ne suka matse. A ganina nan ne amsar tambayarki take, Hajiya. Wani ne yake sayar da izinin shiga ba iyaka, alhali wurin da za a shiga ɗin yana da iyaka, kuma mai wurin ba shi da ta cewa a kan adadin da ake sayarwa.

Ɗanlami, ɗan Marwa mazaunin Denba

Hajiya, ina gaisuwa. Malam Sani ya yi bayanin lissafin, ni kuma bari in ƙara da abin da ido ke gani, tunda daga inda nake zaune a Denba, babban birnin jihar Kolorado, zuwa wurin kimanin kilomita 110 ne.

Wanda bai je ba zai ce su faɗaɗa filin motoci mana, magana ta ƙare. Ba zai yiwu cikin sauƙi ba. Wurin yana manne ne a gefen babbar hanya mai lamba 6, ƙasa da mashigar tsaunin Loveland, gindinsa ya haura mita 3,200 daga doron teku, ƙololuwarsa kuma ta kusa mita 4,000. Hagu dutse, dama dutse, kuma ƙasar ta gandun dajin gwamnatin tarayya ce, ba a sare itace ko a fasa tudu sai da izini mai ɗaukar shekaru. Hanyar kanta ita ce wadda tankokin mai da sauran motocin kaya masu haɗari ke bi, domin an hana su bin ramin Eisenhower, wato ramin mota da aka haƙa ta cikin dutse a kan babbar hanyar I-70, a mafi yawan lokaci, saboda haka jera motoci a gefenta ba abin wasa ba ne.

Ranar Asabar da aka kwana ana zubar ƙanƙara, tun duhun asuba za ki ga jan fitilun bayan motoci sun yi layi a kan hanyar I-70 daga Denba, kowa da allunan zamiya ɗaure a saman mota. Layin farko na filin ajiye motocin Arapahoe Basin yana daf da ƙanƙarar, kuma a ƙarshen kaka mutane kan buɗe bayan mota, su fito da kujeru da murhun gashi, su yini a nan sanye da manyan takalman roba masu tauri da ke sa mutum tafiya kamar an ɗaure masa idon sawu. Wannan zaman yana cikin abin da ya yi wa wurin suna. Idan fili ya cika tun kafin a kunna kujerun da ke hawa da mutane a kan waya, sai a riƙa juya motoci baya, kuma wanda aka juya ɗin sau da yawa shi ne tsohon abokin ciniki da ya shekara da shekaru yana zuwa.

Akwai wani abu kuma da ya ƙara musu nauyi. Saboda tsayin wurin, yakan buɗe tun Oktoba ya kai Yuni, a 2019 ma an yi zamiya a can har ranar 4 ga Yuli. Idan maƙwabta irin su Keystone suka rufe a Afrilu, duk mai tikitin da bai gaji ba sai ya nufo 'yan wuraren da suka rage a buɗe. Ga shi kuma sun ƙara sabon yanki mai suna Beavers a 2017 da 2018, wanda ya ƙara jawo mutane, alhali filin motoci yana nan yadda yake.

Gyara ɗaya zan yi ga yadda labarin ya iso gare ki. Ba su daina haɗa tikiti da kowa ba. A watan Agustan wannan shekara ta 2019 suka shiga Ikon Pass na kamfanin Alterra, abokin hamayyar Vail, tikitin da aka fara sayarwa a 2018, amma da sharaɗi: a lokacin an ba mai babban tikiti kwana 7 kawai a kaka, mai ƙarami kwana 5. Masu zuwa sun ragu sosai a kakar da ta biyo baya, shugabannin wurin kuma suka nuna cewa abin da suke nema ke nan, har daga baya suka taƙaita adadin nasu tikitin na kaka da suke sayarwa.

Alhaji Isa, Njamena

Na karanta bayanan Malam Sani da na ɗanmu Ɗanlami, sun amfanar, amma ina ganin an bar labarin a inda ya fi daɗi. A watan Fabrairun 2024 Alterra ya sanar da cewa zai sayi Arapahoe Basin ɗungurungum, cinikin kuma ya kammala kafin ƙarshen shekarar. Wurin da ya guje wa babban kamfani ɗaya don ya riƙe ikon ƙofarsa, bayan shekara biyar ya koma mallakar ɗaya babban kamfanin. A kakar da ta fara a ƙarshen 2024 kuma sai da aka shigo da tsarin kama gurbin mota tun daga gida a ranakun ƙarshen mako, wanda ke nuna cewa matsalar filin ba ta gushe ba. Ban ce shawarar 2019 kuskure ce ba. Abin da nake cewa shi ne, idan kamfanoni biyu suka riƙe yawancin masu saye, ƙaramin wuri yana iya zaɓar wanda zai bi da sharaɗin da zai bi shi a kai, amma tsayawa shi kaɗai ya yi masa wuya. Ko Sun Valley da Snowbasin, wasu wuraren zamiya biyu da suka bar Epic a 2022, Ikon suka koma.

Game da masaukinki kuwa, Hajiya, ina jan hankalinki kada ki ɗauki maganin ciwon da ba shi ke damunki ba. Su kukansu yawan jama'a ne. Mu a wannan yanki, tun bayan sace iyalin Faransawa a kusa da Waza a 2013, masu masauki a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da masu yi wa baƙi jagora a Rumsiki ƙarancin baƙi suke kuka da shi. Wanda ɗakunansa ke kwana babu kowa rabin shekara, kuɗin da zai shigo masa tun farkon shekara alheri ne, ko da an rage farashi. Shi ma Vail ai ba don wauta mutane ke sayen tikitinsa ba: da ya rage farashi da kashi 20 cikin ɗari a 2021, ya sayar da fiye da miliyan 2, duk da koke-koken layi da ƙarancin ma'aikata da suka biyo baya a waccan kaka.

Malam Sani, Garwa

Alhaji, Allah ya ƙara girma, na yarda da batun cinikin 2024, amma ban yarda cewa darasin bai shafi Hajiya ba. Cunkoso ba a auna shi da shekara, da rana ake auna shi. Shi ma Arapahoe Basin ranar Talata a tsakiyar Janairu ba ya cika. Asabar da ranakun hutu ne suka gagare shi. Masaukin da ke kusa da tashar Ngawundere haka yake: jirgin Yawunde yana isowa da safe ya sauke mutane a lokaci ɗaya, kuma a makon Sallah ko ƙarshen Disamba kowa na neman ɗaki. Mai kati ba zai zo a tsakiyar damina lokacin da ɗakuna suke a buɗe ba, zai zo ne a daidai ranar da baƙo mai biyan cikakken kuɗi ke tsaye a bakin ƙofa, kuma tunda masaukinta ya fi na sauran kusa da tasha, ita za ta ɗauki mafi yawan masu katin, alhali kuɗin katin an tara shi a asusu ɗaya.

Saboda haka, Hajiya, abin da zan nema a rubuce kafin in sa hannu shi ne yawan kwanakin da kati ɗaya zai ci a masauki ɗaya cikin shekara, da ranakun da katin ba ya aiki, da kuma wanda ke da ikon cewa an sayar da isasshe a dakata. Rabon kuɗi ya kasance bisa kwanan da baƙo ya yi a kowane masauki, ba raba daidai ba. A kuma sa wa yarjejeniyar wa'adi na shekara ɗaya ko biyu, domin Arapahoe Basin ya iya fita ne cikin mutunci a ƙarshen kaka, bayan ya ba masu tikiti sanarwa watanni kafin kaka ta gaba ta fara.

Hajiya Asabe, Ngawundere

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Takardar da aka kawo mini babu iyakar kwana a cikinta, babu maganar ranakun Sallah, kuma rabon daidai wa daida aka rubuta tsakanin masaukai, manya da ƙanana. Za mu zauna ranar Lahadi bayan la'asar, zan gabatar da waɗannan sharuɗɗa. Abin da ya rage mini, Malam Sani, shi ne wanda zai riƙe asusun da littafin ƙidayar kwanaki, domin wanda ya kawo shawarar shi ne mai masauki mafi girma a cikinmu, kuma shi ne ya ce zai riƙe duka biyun.