Shawarwarin maharba ga mai son a sassaƙa masa dogon bakan Ingila

Da aka tattauna kan yadda ya kamata bakan ya kasance da irin adonsa, yawancin maharban sun ce ka fara da ƙarfin da hannunka zai iya ja, ado ya biyo baya. Itacen yu (yew a Turance), wanda ake sassaƙa bakan da shi, kuwa ya zo da kyansa: farin ɓangaren waje yana jure miƙewa, jan ciki yana jure matsi. Kada ka bari a rufe launukan nan da fenti. Gurbin reshe ma a bar shi da kaurinsa, kankare shi na iya karya bakan.

An rabu kan fatar mariƙi. Wasu na son ja ko kore, wasu suka ce bakunan da aka samo a Mary Rose, jirgin ruwan yaƙin Ingila da ya nutse a 1545, ba su da ita. Ni dai na fi son itacen tsura, da ƙaho a ƙarshen bakan, inda ake ɗaura tsirkiya.