Me ya sa magoya bayan Boston suka kasa haƙura da ritayar Bergeron?

Ɗan Rayfield:
Salamu alaikum jama'a. Masu bin wasan hoki na ƙanƙara, ku warware mini wani abu. Patrice Bergeron ya yi ritaya tun Yulin 2023, amma duk inda aka sa hotonsa a Facebook sai ka ga magoya bayan Boston Bruins suna jimami kamar an yi musu rasuwa, wasu kuma na cewa shi ya jawo musu faɗuwa a shekararsa ta ƙarshe. Na duba, bai taɓa cin ƙwallo 40 a kaka ɗaya ba. To mene ne abin kuka, kuma mene ne abin zargi?

Malam Na-Terminus:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan da yawan ƙwallaye za ka auna shi ba za ka gane ba. Ya buga wa Boston kaka 19, bai taɓa sauya ƙungiya ba: wasa 1,294, ƙwallo 427, ya ba da 613 aka ci. Adadi ne mai kyau, amma ba shi ne aikinsa ba.

Ɗan tsakiya ne, kuma a hoki ɗan tsakiya shi ke tsayawa idan za a ci gaba da wasa. Duk lokacin da aka tsaya, alƙali zai saki faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo tsakanin mutum biyu, kowa ya kai sanda. Ana yin haka sau da dama a wasa guda. Wanda ya ja faifan zuwa ga nasa, ƙungiyarsa ce ke da wasa. Wanda ke cin rabi ana ganin ya yi daidai, shi kuwa Bergeron a shekarunsa biyu na ƙarshe ya haura kashi 60 cikin 100, yana ɗan shekara 36 da 37. Inda abin ya fi muhimmanci shi ne gaban ragarku, ko lokacin da aka kori ɗayanku na minti biyu kuka rage huɗu da biyar. Ya ja faifan, a wurga shi can ƙarshen fili, abokan hamayya sun yi asarar daƙiƙa ashirin ko fiye kafin su sake shiri. Idan aka rasa, nan take ake bugo wa mai tsaron raga.

Akwai kyautar Selke da ake ba ɗan gaba da ya fi iya tsaro, kuma a hoki ɗan tsakiya ma cikin 'yan gaba yake. Ya ɗauke ta sau 6: 2012, 2014, 2015, 2017, 2022 da 2023. Babu wanda ya kai haka kafin shi. Ka lura da ta ƙarshen, wato ya tafi ne yana kan ganiyarsa. Abin da ke cin ran magoya baya ke nan.

Hajiya Mai Lissafi:
Malam ya yi bayanin aikin, bari in taɓa batun zargin. A kakar 2022-23 Boston ta ci wasa 65 cikin 82, da maki 135, tarihin da ba a taɓa kafawa ba a NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada. A wasan ƙarshe na kakar, a Montreal, Bergeron ya ji ciwo a baya, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon bayansa ya goce. Zagayen farko na neman kofi suka haɗu da Florida Panthers, wanda ya riga cin wasa huɗu shi ke wucewa. Bai buga huɗun farko ba, Boston ta ci uku a ciki. Ya dawo a na biyar, aka cinye su a na biyar da na shida da na bakwai. Daga nan maganar ta samo asali: me ya kai shi buga wasan Montreal da ba ya ƙara komai, kuma me ya sa aka wargaza jerin da ke cin wasa don a dawo da shi?

Ni dai ina ganin rabin zargin ne kawai ke da tushe. Sa shi a wasan Montreal kasada ce, kuma da koci ya hutar da shi babu mai cewa uffan. Amma a wasa na biyar shi kansa ya ci ƙwallo. A na shida an zura wa Boston bakwai, wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Na bakwai kuwa suna gaba da ci 3-2, saura kamar minti ɗaya Brandon Montour ya farke, Carter Verhaeghe ya ƙarasa su a ƙarin lokaci. Mai son ɗora laifi ya fara da yadda ake ta zubar da faifai a yankin gida.

Baban Khalifa:
Hajiya, a ƙara da tarihin jikinsa, don masu cewa da ya ƙara shekara ɗaya ba sa kallon nan. A Oktoban 2007 Randy Jones na Philadelphia ya tura shi ta baya kansa ya daki katangar fili, ya samu mummunar buguwar ƙwaƙwalwa, bai sake bugawa ba a kakar. A wasan ƙarshe na 2013 da Chicago ya buga da karyayyen haƙarƙari da gocewar kafaɗa, bayan an tashi aka kwantar da shi asibiti saboda huhunsa ya huje. Ɗan wasan hoki daƙiƙa arba'in zuwa hamsin yake yi a fili ya fita ya huta, amma cikinsu gudu ne da karo, kuma wajen jan faifai duƙawa ake yi a murɗa ƙugu. Da ciwon baya wannan ba ya yiwuwa dare 82.

Ɗan Rayfield, idan kana son ganin abin da suke tunawa, nemi wasa na bakwai da Vancouver a 2011, an tashi 4-0, shi ya ci biyu, Boston ta ɗauki Kofin Stanley karon farko tun 1972. Sai na Toronto a 2013: ana cin su 4-1, suka taso, shi ya ci ƙwallon da ta sa aka yi kunnen doki saura ƙasa da minti ɗaya, ya kuma ci ta nasara a ƙarin lokaci.

Malam Na-Terminus:
Sai batun kuɗi. NHL na da iyakar albashi ga kowace ƙungiya, dala miliyan 83.5 a 2023-24. A shekararsa ta ƙarshe Bergeron ya karɓi miliyan 2.5 kacal, da wani 2.5 na alawus, don a samu sararin ɗauko wasu. Alawus ɗin nasa da na David Krejci ya tsallaka zuwa lissafin shekara ta gaba, wajen miliyan 4.5. Krejci ma ya ajiye a Agustan 2023. Cikin wata guda ƙungiyar ta rasa manyan 'yan tsakiyarta biyu, ga aljihu a ɗaure, dole aka ɗaga Pavel Zacha da Charlie Coyle su cike gurbin.

Ɗan Rayfield:
Na gode ƙwarai. Wasan Toronto zan fara nema. Na kai tsaye kuwa sai dai a yi haƙuri, ƙarfe bakwai na yammacin Boston ɗayan dare ne a nan Jos lokacin hunturu.