Neman shawara: gwajin rufe soket a ZeroMQ yana ci yau, gobe ya faɗi

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta gwaje-gwajen wata manhaja da ke aika saƙonni ta ZeroMQ, wato laburaren lamba na isar da saƙo tsakanin manhajoji. Tsarin ba wuya: soket ɗin PULL (mai karɓa) ya kama tcp://127.0.0.1:5555, wato tasha mai lamba 5555, na PUSH (mai aikawa) ya haɗu da shi, a tura saƙo, a rufe duka biyun, gwaji na gaba ya sake kama wannan tashar. To wani lokaci na biyun sai ya faɗi da EADDRINUSE, wato wai ana amfani da adireshin, alhali na kira zmq_close don rufe soket ɗin. Wani lokacin kuma zmq_ctx_term, kiran da ke kammala aikin ZeroMQ gaba ɗaya, ya tsaya cak, ya ƙi dawowa. Na sa jiran daƙiƙa ɗaya a tsakani, abin ya lafa a kwamfutata, amma a sabar gwaji yana nan daram. Don Allah a taimaka.

Tsohon Hannu: Wa'alaikumus salam ƙanina. zmq_close ba ya rufe komai a gaban idonka. Aikin yake miƙa wa wani zaren aiki (thread) da ke bayan fage, shi kuma ya dawo nan take. Sakin tashar sai daga baya. Daƙiƙar da ka sa caca ce kawai, ranar da aiki ya yi wa sabar yawa ba za ta isa ba. Ka daina ɗaure kanka da 5555. Kama tcp://127.0.0.1:* sai tsarin ya zaɓa maka tashar da babu kowa, ka karanto adireshin da ZMQ_LAST_ENDPOINT.

Batun tsayawa kuwa, zmq_ctx_term yana jiran a rufe kowane soket, yana kuma jiran saƙonnin da ba su fita ba har wa'adin ZMQ_LINGER ya cika. In ƙimarsa -1 ce, jiran ba shi da iyaka. Mayar da ita 0 kafin ka rufe.

Hajiyar Linux: Malam, na yarda da maganar tasha, amma ta 0 ɗin nan ina da ja. Shi fa rufewar yake gwadawa. Da 0, duk saƙon da ke layi zubar da shi ake yi shiru, gwaji ya ci, alhali abin da ya kamata a gano ke nan aka binne. Ni raba gwajin biyu zan yi. Ɗaya da 0, a tabbatar an fita da sauri ko da babu mai karɓa. Ɗaya da wa'adi, a ce milisakan 500, a tabbatar saƙon ƙarshe ya isa in mai karɓa yana raye.

Maimakon jiran agogo kuma, ɗan'uwa, ka jira shaida. Kira zmq_socket_monitor, mai ba da rahoton abin da ke faruwa da soket, ka haɗa soket ɗin PAIR ta inproc (hanyar cikin manhajar kanta) don karɓar rahoton, ka saurari ZMQ_EVENT_DISCONNECTED, sanarwar yankewar haɗi, da iyakar lokaci don kada gwajin ya kwana a nan. Shi ma PAIR ɗin sai ka rufe shi, in ba haka ba shi ne zai riƙe maka zmq_ctx_term. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe.

Ga wani abin da tashar dindindin ke jawowa: PUSH ɗin da ba a rufe ba yakan sake neman haɗi duk milisakan 100. Sai ya faɗa kan PULL ɗin gwaji na gaba ya juye masa tsofaffin saƙonni, kai kuma kana can kana zargin lambar da ba ta da laifi.

Ɗan Koyo: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na duba haɗe-haɗen TCP da umarnin ss -tan, na ga da yawa a matsayin TIME_WAIT bayan an gama. Yoyo ne, wato soket ɗin da ban rufe ba?

Mai Sabar: A'a, wannan ɗabi'ar TCP ce. Ɓangaren da ya fara aika FIN, saƙon rufe haɗi, shi ke zama a TIME_WAIT, a Linux daƙiƙa 60, sannan ya ɓace da kansa. Wanda za ka ji wa tsoro CLOSE_WAIT ne, in ya ƙi gushewa: abokin hulɗa ya rufe nasa, naka bai rufe ba. Ƙirga abin da ke cikin /proc/self/fd, jerin fayiloli da soket da manhajarka ta buɗe, kafin ka buɗe komai, ka sake ƙirgawa bayan zmq_ctx_term ya dawo. Dole lissafin ya zo daidai.

Sannan duk wannan rufewa ce ta mutunci, da sallama. In aka zare waya ko wuta ta ɗauke wa ɗaya na'urar, babu FIN, babu RST (saƙon yanke haɗi kwatsam), haɗin zai zauna kamar lafiya lau. Kwaikwayi hakan da dokar DROP ta iptables, mai zubar da bayanan da ke bi ta tashar, ka kunna ZMQ_HEARTBEAT_IVL, mai tura saƙon duba ko haɗi yana raye, wanda ya shigo tun fitowa ta 4.2, ka ga ko DISCONNECTED zai zo cikin wa'adin da ka sa.

Tsohon Hannu: Hajiya ta fi ni gaskiya kan 0. Ka bar shi ga gwaje-gwajen da ba ruwansu da rufewa.