Wane littafi zan karanta kan hanyoyin bincike a fannin zayyana kayan amfani?

Sa'idu, Marwa:
Assalamu alaikum. Jama'a ku taimaka min. Ina rubuta kundin kammala karatu kan sake fasalin murhu mai tsimin itace. Da farko kan jakunkunan dukawan Marwa na so yi, amma kawuna da ya yi alkawarin haɗa ni da majema ya koma Garwa, kuɗin fata kuma ya fi ƙarfina, shi ya sa na canza. Na raba takardun tambayoyi da Faransanci, zanen murhun ma na gama shi. Yanzu malamin da ke duba aikina ya dawo min da babin hanyoyin bincike, wai ba shi da tushe. Lokaci ya ƙure. Me zan karanta?

Malam Bello, Ngaundere:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka zana murhu ba ka ga yadda ake girki a kansa ba, nan gizo ke saƙar. Nemi Manuel de recherche en sciences sociales na Quivy da Van Campenhoudt. Sun kasa bincike mataki bakwai, na farkonsu tambayar da za a fara da ita. Rubuta taka a jimla ɗaya. Sai Guide de l'enquête de terrain na Beaud da Weber, na 1997, don lura da hira. Bayan nan ka shiga gida takwas ko goma, ka zauna tun daga hura wuta har sauke tukunya. Auna itace kafin girki da bayansa, auna faɗin gindin tukunya. Ka zuba ido lokacin tuƙin tuwo: in tukunya na rawa a ƙarƙashin muciya, gobe mai girkin za ta koma kan duwatsunta uku, komai tsimin murhunka.

Hajiya Maryam, Garwa:
Malam, waɗannan ai na ilimin zamantakewa ne. Ɗana, duba Universal Methods of Design na Martin da Hanington, na 2012. Hanya 100 ke ciki, kowace a shafi biyu, ka zaɓi uku kawai. Akwai kuma jagorar zayyana ta ƙungiyar IDEO.org ta 2015, kyauta ce a intanet. Amma wa ya cike takardun naka? Namiji baƙo ba ya shiga madafar matan aure. Samu ƙanwarka ko abokiyar karatu mai jin Fulatanci sosai ta yi hirar.

Sa'idu:
Hajiya, mazajen ne suka cike, amma ai su ke sayen itacen. Kuma na kashe kuɗi wajen bugawa, ba zan zubar ba.

Malam Bello:
Mai sayen itace ba shi ke shan hayaƙi ba. Littattafan Hajiya kuma da Ingilishi suke, sannan jerin dabaru ne, ba za su ba ka hujjar da za ka kare kanka da ita gaban malaman da za su tantance kundinka ba. Karanta "La politique du terrain" na Olivier de Sardan, na 1995, yana intanet kyauta. Ya yi bayanin gwada bakin mutum ɗaya da na wani, da kuma inda za ka dakata in hira ta daina kawo sabon abu.

Abdulƙadir, Injamena:
Duk sunayen nan a ina za a same su? Ɗakunan karatu sun yi ƙaranci, kuɗin aikowa daga Faransa ya kan kai na littafin, kwafin da ke yawo hannun ɗalibai kuma shafukansa a tsallake. Malamai na cewa a karanta, ba sa cewa ga shi.

Umaru, Kusiri:
Yaya Sa'idu, ka bar yawan karatu ka gwada murhun. Tafasa lita 5 na ruwa murhu da sanyi, sake yi da zafinsa, sannan ka rage wuta ka bar ruwan yana tafasa a hankali minti 45. Maimaita sau uku, itace iri ɗaya busasshe, ka kwatanta itacen da ya ci da wanda murhun duwatsu uku ke ci.

Malam Bello:
Tafasa ruwa ba tuƙin tuwo ba ne.

Sa'idu:
Na gode duka. Amma murhun a takarda yake har yanzu, ban gina ba. In na sa sunan Quivy a babin na bar takardun tambayoyin yadda suke, zai wuce?