Babanmu ya daina zuwa gashin ƙashi, ya daina magana da kowa

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara.

Wata 7 ke nan da hawan jini ya shanye wa Baba ɓarin jikinsa na dama. Tela ne, ya fi shekara 30 a kan keke a Tudun Wada. Da farko yana zuwa gashi sau biyu a mako, har ya fara takawa da sanda. Hannun ne ya ƙi dawowa. Tun ranar da ya gwada zura zare a allura ya kasa, shi ke nan. Gashi ya ce ba ya zuwa, abinci sai Inna ta yi ta lallashi, masu dubiya kuwa sai ya juya fuska bango.

Mai gashin ta ce ciwon damuwa yakan biyo bayan irin wannan lalura, kuma yana da magani, mu kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Da na faɗa masa, cewa ya yi: "Wato har na haukace?" Baffanninmu kuma "a yi haƙuri" kawai suke cewa. Haƙurin muna yi, amma mutum kullum ramewa yake.

Wanda ya taɓa jinyar irin wannan, yaya kuka shawo kan dattijo ya yarda? Ko akwai likitan da ke zuwa gida a nan Kaduna?